Ɗakinmu da Zuwaira a Maraɗi

Tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Duk wadda ta leƙo zaurenmu na 'yan aji a waya tambayarta ɗaya ce: Ma'u, ya Nijar? Wata ta ce in turo hoto da farar riga, wata ta ce wai da gaske ne mata na tuƙa babur a can. Waɗanda labari ya riga ya iske kuma a gefe suke bina: "Wai ba ki da lafiya? Wai ba za ki koma ba?" Na gaji da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in rubuta muku gaba ɗaya. Maganar komawar ita ce babba, don ba karatuna kaɗai ya rataya a kanta ba, har da na wata yarinya da na baro a can tana jiran in ce e ko a'a. Amma ba za ku gane ba sai kun biyo ni tun daga bakin titi.

Kun san da muka gama sakandare na nemi makarantar koyon aikin lafiya a nan Kano ban samu gurbi ba. Ina zaune ina taya Inna surfe da tankaɗe sai ga Kawu Ilu, ƙaninta, wanda ke fataucin tumaki tsakanin Maraɗi da kasuwanninmu, ya zo da labarin wata ƙaramar kwaleji a can. Ya ce ana koyar da ilimin halittu da aikin jinya, kuma akwai ajin da ake koyarwa da Turancin Ingilishi saboda 'yan Najeriya. Da farko Baba ya ƙi. Abin da ya karya shi a ƙarshe shi ne ɗakin shan maganin garinmu, wanda namiji ne kaɗai a ciki, har mata da yawa sun gwammace su zauna da ciwonsu a ɗaka. Ya ce, "In za ki dawo ki duba iyayenki mata, je ki."

Ranar tafiya Inna ta haɗa mini kaya kamar mai zuwa ƙasar da ba a shuka: ƙuli-ƙuli, garin kunu, daddawa, kuka, yaji, da man gyaɗa a tsohuwar robar lemo. Baba ya rako mu har bakin titin Tsanyawa, muka tari bas mai zuwa Katsina. Kwandasta ya cusa jakata ƙarƙashin kujerar baya, ya danne ta da buhun barkonon wani fasinja. Kafin mu kai Kankiya motar duk atishawa ake yi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta share hawaye da bakin mayafi ta ce masa, "Ɗan nan, fasinja ka ɗauko ko miya za ka kaɗa da mu?" Har direba sai da ya yi dariya, ya bi ta da atishawa.

A tashar Katsina na buɗe jaka in ɗauko sallaya, sai na tarar robar man gyaɗa ta fashe, ta jiƙe farar rigar da tela ya ɗinka mini ta shiga ɗakin gwaji. Na ɗaga ta sama ina neman yin kuka. Kawu ya dube ta ya ce, "To, likita muka kawo ko mai suyar ƙosai?"

Daga Katsina zuwa Jibiya ƙaramar mota muka shiga, kuma nan hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo. Shingen jami'an tsaro na bin shinge, kowa ya zuba ido a daji, masu carbi na ja. Kun dai san labaran da ake bayarwa a kan wannan hanyar. Kawu kuwa, da yake ya saba bin ta, gyaɗa yake ɓarewa. Na raɗa masa cewa ina jin tsoro. Ya zuba mini a tafin hannu ya ce, "Ci. In kina tauna ba kya jin bugun zuciyarki." Na tauna, amma na ji shi sarai.

Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Ashe sanda ce a gicciye da igiya a jikinta, gonar wannan gefe da ta wancan gefe duk gero iri ɗaya, awaki ma na tsallakawa ba mai tambayarsu. A ɓangaren Nijar wani jami'i mai wata irin hula ya karɓi takarduna, ya zubo mini Faransanci kamar ruwan famfo. Na tsaya ina kallon bakinsa. Da ya ga na daskare sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ina za ki tahi?" Wallahi ban taɓa jin daɗin Hausa kamar ranar ba.

Sai dai ba ni da katin rigakafi, aka ce sai an yi mini allura kafin in wuce. Wata ma'aikaciya ce a ƙarƙashin rumfa. Tana zuƙo ruwan maganin na ji idona ya fara duhu, na runtse, na ƙanƙame hannun kujera. Kawu ya ce mata, "Ki yi a hankali, abokiyar aikinki ce, karatun za ta je." Matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan mai ruhe ido? To ranar da aka ba ki allurar ki yi wa wani, wa zai buɗe miki su?" Ta gama ban ma ji shigarta ba. Na faɗa muku wannan ne don ku tuna irin Ma'un da ta tafi. Kun san ni tun aji ɗaya, ko kyankyaso na gani sai na hau benci.

Maraɗi gari ne kamar namu kuma ba kamar namu ba. Kiran salla ɗaya, sutura kusan ɗaya, amma e, mata na tuƙa babur. Ta farko da na gani da goyo a bayanta, kwandon kayan miya a gabanta, ta wuce mu fuu ba wanda ya ɗaga kai sai ni. Ɗan acaɓa kabu-kabu suke ce masa. Asibiti kuma likita suke kiransa, sai ka ji mutum ya ce ya kwana likita. Da rana ta take sai a rufe shaguna da ofisoshi, gari ya yi tsit sai bayan la'asar, abin da in aka yi a Kano sai a ce an yi rasuwa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Shayi kuwa a 'yan ƙananan kofuna ake sha, ɗaci kamar magani, kuma in ka tashi bayan zubin farko an ce ka raina mai shi. Furarsu dai na yarda ta fi tamu nono, kar ku gaya wa Inna.

Kawu ya sauke ni gidan Hajiya Tsahara, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, take ba ɗalibai mata hayar ɗakuna. Dokarta ita ce mutum biyu a ɗaki, ba ta ba mutum ɗaya. Ta haɗa ni da Zuwaira, 'yar wani ƙauye wajen Tasawa, doguwa mai wushirya, wadda ke ajin Faransanci a kwalejinmu. Ina shiga ta ga rigar nan mai mai, ta karɓe ba tare da ta tambaye ni ba, ta dirje ta da toka da lemon tsami har sai da tabon ya koma kamar inuwa. Tun daren farko kwano ɗaya muka ci. Ita ta iya shinkafa da jar miya, ni na iya tuwo, sai muka riƙa karɓa-karɓa. 'Yar Kano take kirana. Ta ce mu Kanawa muna magana kamar masu karanta labarai a rediyo, ni kuma in ce ita tana yi kamar kakata. Kullum da safe sai ta juya wa bango fuska ta haɗiyi wata ƙwaya. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce ta ciwon kai ce, ban sake tambaya ba.

Karatun ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Malamarmu ta ilimin jikin ɗan'adam Madam Rabi ce, gajeriya mai sauri, wadda ba ta zama a kujera. Ranar da ta fara sa mu leƙa madubin nan mai ƙara girman abu, ɓawon albasa ta ɗora. Na sa ido na ga ɗakuna a jere kamar an yi ginin bulo, kowane da ɗigonsa a ciki. Albasar da nake yankawa tun ina ƙarama! Sannan ta ɗiga ruwan kududdufi. Nan na ga abubuwa masu rai suna iyo, wasu na juyawa kamar katantanwa, wasu na bin wasu. Na tuna kududdufin bayan gidanmu da ƙannena ke wanka a ciki da damina, na ji tsigar jikina ta tashi. Mun koyi jin bugun jini a wuyan hannu, mun koyi awon hawan jini a jikin junanmu. Akwai ƙwarangwal na roba a kusurwar aji da samari ke ɗora wa hula, ni kuwa sai da na daɗe kafin in yarda in zauna kusa da shi.

Da muka zo kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Madam Rabi ta yi mana darasi a kan farfaɗiya. Ta ce saƙonnin da ke gudana a cikin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci, kamar yadda wayoyin lantarki kan haɗu su yi tartsatsi. Ta ce ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci tare. Ta ce in mutum ya faɗi a janye shi daga abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a tura masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. Na rubuta, na haddace, da aka yi gwaji na ci.

Amma ina rubutawa Lami nake gani. Wasunku sun san ta, 'yar maƙwabtanmu. Tun muna yara an hana mu wasa da ita. Kwanonta daban, moɗarta daban, in ta faɗi a waje iyaye mata su kwashe 'ya'yansu, bayan ta tashi a zuba garwashi a wurin a ƙone. Wata rana ta faɗa murhu tana talge, gidan cike da mata, aka tsaya daga nesa ana salati har sai da babanta ya shigo daga gona. Hannunta na dama har yau a naɗe yake. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce yawunta na kashewa. Na dai tashi na tarar kowa na gudu, ni ma na gudu.

Ranar da abin ya faru ba mu da aji. Hantsi ne, tsakar gida cike da 'yan haya, wasu na wanki wasu na kitso. Zuwaira na tsugunne gaban kurfoti tana soya albasa, tana ba ni labarin wani malaminsu da ke barci a tsaye. A tsakiyar magana ta yi shiru. Na ɗago na ga idonta ya kafe a wuri ɗaya. Sai ta saki wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta sandare, ta zube. Ƙafarta ta doki kurfoti, garwashi ya watse, ta fara jijjiga a tsakiyarsa.

Kafin in ƙifta ido tsakar gidan ta zama wayam. Kowa ta shige ɗaki tana leƙe ta labule. Hajiya Tsahara daga bakin ƙofarta take ɗaga murya, "Ma'u, kauce! Kar miyan bakinta su taɓa ki!" Ƙafafuna ma abin da suke so ke nan, har na ja baya. Sai na ga hayaƙi na tashi daga bakin zaninta.

Ban san yadda aka yi ba, kuma kar wadda ta ce jarumta ce, don kuka nake yi da ƙarfi ina kiran Inna. Na kama ta ta hammata na ja ta har gindin bango. Na juye ruwan buta a kan zanin. Na cire mayafina na naɗe na tura ƙarƙashin kanta, don yana bugun siminti. Wata ta wurgo cokali daga nesa, ya faɗi kusa da gwiwata, ta ce in sa mata a baki kar ta ciji harshe. Na ce a'a. Murya ta fito ba kamar tawa ba. Na zauna ina kallonta tana jijjiga, leɓenta ya canja launi, ni kuma ba abin da zan iya sai jira. Da ta fara lafawa na juya ta ta gefe kamar yadda aka koya mana. Nan ne yawun da ya taru a bakinta ya gangaro a hannuna, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, da ɗuminsa.

Ta daɗe kafin ta dawo hayyacinta. Ta buɗe ido, ta dubi gawayin da ya watse, ta dubi labulen ɗakuna, sannan ta dube ni. A hankali ta ce, "Na yi, ko?"

Na ce, "Kin yi."

Ta rufe fuska da tafin hannu.

Daga baya ta gaya mini ƙwayar nan da take sha da safe maganin ciwon ne, kuma in tana sha ba ta faɗuwa. Ya ƙare mata ne, kantin maganin da ke kusa kuwa 'yan kwalejinmu ke koyon aiki a ciki, ta ji kunyar su gani, tana jiran ranar da za ta samu zuwa can ƙarshen gari ta sayo. Ta ce an taɓa korarta daga wani gidan haya a kan haka, kuma babanta ya ce in aka sake, ta tattaro ta dawo ƙauye, karatu ya ƙare.

Ni kuwa ina fita daga gabanta na nufi bayan gida da omo. Na wanke hannun, na ɗauraye, na sake wankewa, har fata ta yi ja ta fara zafi. Ina wankewa ina karanta wa kaina darasin Madam Rabi kalma bayan kalma, hannun kuma bai daina dirzawa ba. Da aka zuba abinci na ce cikina ke ciwo. Washegari ma haka. Rana ta gaba Zuwaira ta dawo daga kasuwa da sabon ƙaramin kwano, ta zuba nata a ciki, ta tura mini babban. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sami Madam Rabi bayan an tashi aji, na ce, "Madam, don Allah ki gaya mini tsakaninki da Allah, da gaske ba a ɗauka?" Ta ce, "Me kika rubuta a gwaji?" Na ce ba a ɗauka. Ta ce, "To ƙarya na ba ki maki a kai?" Na ce kaina ya yarda, jikina ne ya ƙi. Ta kama hannuna ta dubi inda na dirje, ta ce ita ma garin da ta fito haka ake gudu, kuma ta riƙe masu wannan ciwo da hannunta tun kafin a haife ni, ga ta nan tsaye. Ta ce in shafa man kaɗanya a wurin, in daina sa masa omo. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na so a ce ta ba ni wata magana da za ta cire mini abin gaba ɗaya, amma ba ta da ita.

Ita ce kuma ta zo har gida ta zauna da Hajiya Tsahara. Hajiya ba muguwa ba ce, tsoro ne irin namu. Ta ce ba za ta kori yarinya ana tsakiyar karatu ba. Amma bayan hutu, in akwai wadda ta yarda ta zauna ɗaki ɗaya da ita, to. In babu, sai ta nemi wani wuri, don ba za ta bar ta ita kaɗai ta faɗi a rufe ba wanda ya sani ba, ba kuma za ta tilasta wa 'yar kowa ba. Aka bi 'yan hayar ɗaya bayan ɗaya, kowa ta sunkuyar da kai. Saura ni.

Ranar da aka ba da hutu Zuwaira ta rako ni tasha, ta riƙe mini jaka har Kawu ya gama ciniki da direba. Na buɗe baki zan yi magana ta ce, "Kar ki ba ni amsa yanzu, 'yar Kano. Kunyata za ki ji ki ce e. Tahi gida ki ci tuwon innarki, ki bugo mini."

Dawowar ba ni da labarinta da yawa, don ban ga hanya ba. Akwai jarkar fetur a bayan motar, warin ya sa ni jiri, na ce shi ke nan, ciwon ya fara. Na riƙa duba yatsuna ko suna motsi da kansu, in haɗiyi yawu in ji ko ya yi yawa. Ko shingayen Jibiya ban lura da su ba. Kawu ya ga yadda nake zufa ya matsa mini da tambaya, na gaya masa komai. Shi bai ɗauki abin da zafi ba, har cewa ya yi na kyauta. Amma muna isa gida, tun bai gama shan ruwa ba ya ba Inna labari, a matsayin abin alfahari.

Inna ta saki salati, ta ja da baya, ta dubi hannuna. Ita ce ta haife ni, kuma na san son da take mini, amma kafin magariba an ware mini moɗa da kwano, an ce ƙannena su daina hawa tabarmata. Na ce, "Inna, ba a ɗauka fa, a makaranta aka koya mana." Ta ce, "To in ba a ɗauka me ya sa kika rame?" Baba ya kira ni zaure ya ce, "In kin ga ba za ki iya ba, ki zauna. Ba wanda zai ce kin yi laifi." Wallahi na ji sanyi a raina da ya faɗi haka, har na fara tsara yadda zan gaya wa Zuwaira cewa Baba ne ya hana.

Sai aka fara zuwa dubiya.

Ku da kuke garin nan kun san yadda ake yi. Gwaggo Dije, yayar Baba, ita ta fara shigowa da kwanon kunu, matan unguwa na biye da ita. Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin ƙofa, ni ina can ƙuryar rumfa ni kaɗai, tsakaninmu fili kamar za a shanya hatsi.

"Sannu, Ma'u. Ya jiki?"

"Lafiyata ƙalau, Gwaggo."

"Haka ake so. Ai ba ya nuna kansa da wuri."

Wata ta ciro ƙullin hayaƙi ta miƙa wa Inna, ta ce a turara mini safe da yamma. Wata ta ce, "Ai gara da Allah ya sa ba za ta koma ba. Karatun da za a je a kwaso ciwo, ina amfaninsa?" Wata ta rage murya, amma na ji ta, ta ce ko maganar miji ma yanzu sai an yi da gaske. Suka ci gaba da hirata a gabana kamar ba na wurin, suna jinjina kai, suna tausaya mini da zuciya ɗaya. Ba wadda ta zo da mugunta. Gwaggo ma da kanta ta dama kunun, ta sa tsamiya yadda nake so, ta turo mini shi da bakin yatsa.

Ina zaune na dubi filin nan da ke tsakanina da su. 'Yan kwanaki kawai na yi a cikinsa, ban taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, amma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Zuwaira tun tana ƙarama a cikinsa take, kuma a haka ta gama firamare, ta gama sakandare, ta taho birni ita kaɗai, tana dariya tana wanke wa baƙuwa riga. Na kuma gane in na zauna, matan nan sun sami shaida. Duk yarinyar da za a haifa da ciwon a garin nan, in aka ce a riƙe ta, za a ce ku tuna Ma'u 'yar Malam Hadi da ta riƙe wata a Nijar.

Ban shirya maganar ba, fitowa ta yi. Na ce, "Gwaggo, na gode da kunu. Amma ba ni da ciwon komai. Tsoro ne ke damuna, shi ma ba a Maraɗi na ɗauko shi ba, daga nan gidan na tafi da shi. Bayan hutu zan koma, kuma ɗakin zan koma."

Gwaggo ta ce, "To. Allah ya sa haka ne," ta jawo mayafinta, ta ce wa Inna a bar kwanon kawai, ba sai an mayar ba. Inna ta shiga ɗaki tana share ido. Baba ashe yana zaure yana jin komai. Da matan suka fita ya leƙo ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Baba, ban tabbata da kaina ba. Amma na tabbata ba a ɗauka." Sai ya ce zai gaya wa Kawu Ilu ya biyo ta nan in zai wuce.

Ga amsarku ke nan, 'yan ajinmu. Kar ku ɗauka komai ya daidaita. Inna ba ta sauko ba tukuna, kuma yanzu haka da nake rubutun nan in na tuna ƙarar da Zuwaira ta yi sai na ajiye wayar na ɗan huta. Hoto da farar riga kuwa ku yi haƙuri, tabon bai gama fita ba.

Bayan la'asar ɗin ranar da su Gwaggo suka zo na fita bayan gida wajen dalbejiya, inda waya ta fi kamawa, na kira Zuwaira. Ta ɗauka tun bugun farko, amma ba ta yi sallama ba, numfashinta kawai nake ji. Na ce, "Zuwaira, ina nan tafe."

Ta ce, "Kin san ko ina shan magani wata rana zan iya sake hwaɗuwa?"

Na ce, "Na sani."

"Kuma za ki ji tsoro."

"Zan ji."

Na ji ta ja hanci. Ta ce, "To. Kashe wayar, 'yar Kano. Bari in tahi in gaya ma Hajiya tun ba ta ba da katiharki ba."